Na yi wa Madam Rifkatu dariya, ashe raina take ceto

"Oga, me ya sa kullum hannunka yana kan ƙirji?"

Madam Rifkatu ce, abokiyar aikina a ma'aikata, ta tsare ni da wannan tambayar muna cikin motar ofis za mu Utako. Na ce ba komai, wani ɗan ƙullutu ne ya fito mini a ƙasan nono, ko zafi ba ya yi.

Ta ce in je a duba, kada ya zama sankarar mama. Na fashe da dariya: "Haba Madam, ni fa namiji ne!"

Ita ba ta yi dariya ba. Ta ce, "Haka babana ya ce. Har muka binne shi bai yarda ba."

Washegari na danne kunya na tafi asibiti. Gwaji ya nuna sankarar ce, amma likita ya ce an tare ta da wuri. An yi mini aiki, na gama magani, yau ga ni na koma ofis da ƙafata. Alhamdulillah.

Madam, Allah ya saka miki da alheri, ya raya miki zuri'a.

Maza, ku faɗi gaskiya: wa ya san mu ma tana kama mu?