Babur Ɗin da Ya San Hanyar Lambara

Abin ga ya faru bayan sojan yaƙin Bama sun komo gida, tun ba a fara jefa ƙuri'a ba, shekarar da rijiyar ƙofar gidanmu ta Dingyaɗi ta rushe da damina. Ina da ciki na ukku. Na biyun farko duk sun zo a gicciye, kuma kafin a ɗauko gwaggona daga Lambara bisa jaki, ita da ta iya juya ɗa cikin ciki da tafin hannu, sai a tarar ɗan ya mutu har an yi rufi. Shi ya sa maigidana, mai fataucin albasa, ya rantse wanga karon babur za shi ɗauko ta.

Babur biyu anka samu. Ɗaya na Baturen da ke yi wa shanu allura ne, za shi gida, ya bar shi a Shagari a sayar. Tsoho ne, baƙi, da tabo a gefe. Ɗayan sabo fil daga kantin wani Balarabe a Sakkwato, ja, kana ganin fuskarka a jikinsa. Zuciyar maigida tana ga jan. Amma a gidanmu ba a sayen abin hawa sai babana ya duba, don shi ne dillalin dawakin Boɗinga, kuma ban ga wanda ya kai shi ba har yau.

Ran da anka kawo su, garin duk ya taru. Ni ina bayan zana, na buɗa kara biyu da yatsa. Wallahi ban taɓa ganin abin da ya cika mini ido haka ba. Ƙarfe tsaye da ƙafa biyu, ba rai, amma in an taka shi sai ya yi gurnani har kaji su watse.

Baba ya zagaya jan nan, hannu a baya. Ya shafa wuyansa, ya duƙa ya danna kofato, wato taya. Sannan ya ce, “Ina bakin?”

Direban kanti da ya kawo jan ya buɗe masa inda ake zuba mai. Baba ya leƙa, ya sunsuna, ya ɗago.

“Ba haƙori ko ɗaya. To ta ina za ni san shekarunsa?”

Dariya ta ɓarke. Wani abokin wasansa Bafillace ya ce, “Tsoho, ɗaga wutsiyar ka gani ko goɗiya ce!”

Baba bai ko waiwaya ba. Ya tambayi direban, “Wa ya hore shi?”

“Baba, ba a horon wanga. Daga jirgi sai kanti.”

“Ya taɓa zuwa Lambara?”

“Bai taɓa zuwa ko'ina ba, shi ne daɗinsa.”

Baba ya koma wajen baƙin, ya aza hannu bisa tabon, ya daɗe. Ya ce wannan ya faɗi sau ɗaya, ya san zafin ƙasa, ba shi ƙara yarda. Maigida ya durƙusa, kansa ƙasa, ya ce, “Allah shi ba ka nasara, Baba, ƙarfe ne, ba shi da tunani. Tsohon babur kuwa shina iya mutuwa a hanya.” Baba ya ce, “Shina iyawa. Amma ni ba ni aza ran jikana bisa dabbar da ba a taɓa sa wa linzami ba.”

Nan na yi abin da mata ba su yi, na yi magana daga bayan zana. Na ce, “Baba, in faɗi tawa?” Ya ce, “Faɗi, cikinki ne.” Na ce baƙin nan na san muryarsa. Damina bayan damina shina wuce bayan dangarmu za shi rugage, cikin taɓo, ban taɓa jin ya yi shiru an tura shi ba. Jan kuwa yau na fara jin kukansa, ban san halinsa ba.

Maigida ya kalli jan nan kallon bankwana, ya ce a kai baƙin turke. Turken doki anka ɗaure shi, kuma har ya mutu nan yake kwana.

Naƙuda ta zo da hantsi, ana ruwa kamar da bakin ƙwarya. Matan gida sunka taɓa cikin, sunka dubi juna, na gane an koma gidan jiya. Na ji an taka babur, ya amsa bugu ɗaya. Ina jin muryarsa tana nisa, har ruwa ya haɗiye ta.

Tafiyar da jaki ke yini yana yi, ba a kira azahar ba na ji gurnanin nan ya komo. Sai ga gwaggo an shigo da ita, jiƙe sharkaf, idonta rufe gam, tana salati, ta ƙi sakin rigar maigida. “Ku ɓamɓare ni daga wanga aljani!” in ji ta. Ta wanke hannu, ta shafa mai, ta juya ɗan. Kafin la'asar ya yi kuka.

Daga baya maigida ya gaya mini, da sunka kai fadama ruwa ya shafe hanya, ba ya ganin komai, sai ya sassauta hannu, babur ɗin ya bi ta kan tudun da kansa. Jikokina masu boko suna cewa sa'a ce. Su faɗi abin da sunka so, ba su nan. Baba da ya ji, cewa ya yi kawai, “Ai ya san hanya.”

Baba ya riga mu gidan gaskiya, gwaggo ma, maigida ma, har Bafillacen nan mai tsiya. Cikin waɗanda sunka tsaya ƙofar gida ran nan saura ni, sai wanda ke cikin cikina. Shina nan Shagari da furfurarsa, kuma ba ni faɗin sunansa, kunyar ɗan fari, don shi ne na farko da ya rayu.