Inda Hindatu Za Ta Yi Wankan Jego

Laraba: Katsina zuwa Kusada

Ina sallame sallar asuba na saɓi jakata na nufi tasha, ko shayi ban tsaya sha ba. Abin da ya fito da ni bincike ne a kan yaran da suka tashi a gidan marayu: idan sun girma an sallame su, yaya suke kafa rayuwarsu? Cikin waɗanda aka ba ni sunansu akwai Hindatu, wadda aka aurar wa wani tela a Kusada bara.

Ɗan kamasho ya rantse saura mutum ɗaya mota ta tashi. Mutum ɗayan nan, har rana ta fito bai zo ba, ni kuwa ban iya shiru ba, sai da muka yi cacar baki. Mun tsaya shinge biyu kafin Charanchi, muka wuce Kafin Soli, gero ya nuna hagu da dama gwanin sha'awa. A Kankia na karya da ƙosai da kunun tsamiya, na hau wata motar zuwa Gidan Mutum Ɗaya, daga nan sai acaba. Da na ce gidan Sabi'u tela za ni, ɗan acaban ya ce, "Au, mai amaryar gwamnati." Bai faɗa da mugunta ba, amma wallahi maganar ta sosa mini rai.

Na tarar da Hindatu da tsohon ciki, ƙafafu duk sun kumbura. Ta kawo mini ɗanwake, ta zauna a bakin tabarma. Duk abin da na tambaya, amsa ɗaya ce: lafiya lau, an gode Allah. Har na fara cewa a raina na yi tafiyar banza, sai ga surukarta ta shigo. Ta ɗauka daga gidan marayun aka aiko ni, don haka ta tambaye ni yaushe za su zo su ɗauki yarinyar. Haihuwar fari ce, kuma kowa ya sani gidan iyaye ake zuwa, uwa ta dafa ruwan wanka safe da yamma, ta dama kunun kanwa har a yi arba'in. Ta ce ita ba ta ƙi yi ba, amma matan unguwa sun fara tambaya, kuma yarinyar ta ce tana da Inna a Kunduru.

Bayan ta fita, Hindatu ta sunkuyar da kai. Innar dai akwai ta: Inna Dije, wadda ta rene ta a gidan marayu, ta yi ritaya ta koma garinsu. Sai dai ko cikin ba ta sani ba, don Hindatu ta kasa gaya mata.

"Anti, ba ta so na," in ji ta. "Kowa a gidan marayun nan tana kiran sunanshi, tana wasa da shi. Ni ko tun da na yi wayo ban taɓa jin sunana a bakinta ba, sai dai ta ce 'ke', ko 'waccan'. Da wane ido zan ce ta yi mini wanka?"

Ka'idar aikinmu ita ce ka tambaya, ka rubuta, ka kama gabanka. A ɗakinta na kwana, na kasa samun inda zan ajiye wannan ka'ida.

Alhamis: Kusada zuwa Kunduru

Da hantsi na dawo Kankia, na sake hawa acaba. Damina ta ci hanya, sau biyu ina sauka ina takawa da ƙafa, ina mita, ɗan acaba na ba ni haƙuri. Kafin azahar muka isa.

Na sami Inna Dije a gindin darbejiya tana tsinkar gyaɗa, 'yar tsohuwa mai faran-faran. Ta sa aka dama mini fura. Da ta ji abin da ya kawo ni, sai ta hau lissafo 'ya'yan da ta rena: Musa bakanike ne, Jamila na koyarwa, Auwalu har yanzu bai daina rigima ba. Ina ambaton Hindatu sai ta kau da kai, ta ce, "Waccan tana lafiya?"

Nan raina ya ɓaci, ban ɓoye ba. Na gaya mata ciki ya shiga wata tara, yarinya ba ta da inda za ta je wanka, kuma ta kasa tunkarar ta saboda tana ganin ba a son ta. Na faɗi har maganar suna.

Gyaɗar da ke hannunta ta zube. Ta goge ido da bakin mayafi.

"Malama, makon da na fara aiki aka kawo ta, ko cibiyarta ba ta faɗi ba. Ita aka fara miƙo mini, a lokacin ban taɓa haihuwa ba. Yaya zan kira sunan ɗiyar fari?"

Kunyar ɗan fari ce, wadda duk muka tashi muka gani; ni kaina ban taɓa jin mahaifiyarmu ta kira sunan Yayanmu ba. Hindatu ma ta san al'adar sarai, sai dai ba ta taɓa tunanin akwai mai jin wannan kunyar a kanta ba.

Kafin in shanye furar, Inna Dije ta miƙe. Ta aika a aro babbar tukunya, ta sa ɗanta ya faso itace, ta hau faɗa a kan rufin ɗakin da ke yoyo. Da ta rako ni bakin ƙofa ta ce in gaya wa mijin waccan ya kawo ta ranar Asabar, kuma ya yi tuƙi a hankali.

Komawa gida

Na sami mota a Kankia bayan la'asar, ana kiran magariba na shiga gida. Na gode wa Allah da ya kai ni ya dawo da ni lafiya, na gode wa mutanen Kusada da na Kunduru da suka karɓe ni kamar tasu. Ko mayafi ban cire ba na kira Hindatu, na isar da saƙo. Ta tambaya ko Inna ta ambaci sunanta. Na ce a'a, na gaya mata dalili kamar yadda tsohuwar ta faɗa.

Na daɗe ina jin kukanta a waya, ni ma ina share nawa. Can ta ce, "Anti, ki gaya mata kada ta kira sunan nawa. Ta bar shi haka."