Asubar da Ba Madu Ya Jira Har Hantsi

Shekara talatin da ɗaya Ba Madu yana kiran salla a wani ƙaramin masallaci a unguwar Wulari, bai taɓa ɗaura agogo ba. Da ido yake gane alfijir na gaskiya daga na ƙarya, da inuwar katanga yake sanin azahar. Tsakanin salloli kuwa wankin hula yake yi, ya jera su a kan gunguma su bushe. Iyakar tafiyarsa a duniya Kano, sau biyu.

'Ya'ya biyu Allah Ya ba shi. Umar Faruk ya hau mota a shekarun fitina, ya ce zai kira idan ya sauka, har yau bai kira ba. Saura Mu'mina, ma'aikaciyar jinya, wadda ta sami aiki a Atlanta ta ƙasar Amurka. Daga Legas ta yi masa sallama a waya, ta ce, "Baba, da asuba za mu sauka, in sha Allahu. Ina sauka zan kira."

Washegari ya kira asuba da waya a aljihu. Aka idar, shiru. Rana ta fito, shiru. Ya jiƙa huluna ya manta da su a ruwa, abin da bai taɓa yi ba. Ya san irin wannan shirun.

Da hantsi ya ɗaga, Jude, mai shagon kayan masarufi da ke maƙwabtaka da shi, ya leƙo.

"Baba Ladan, yau ko gaisuwar ma an yi mana rowarta?"

"Jude, ɗana, yarinyar nan ta ce asuba. Dubi inda rana take."

Jude ya danna wayarsa, ya yi dariya. "Asubar wa, Baba? Taka ko tasu? Tafiyar ta haura kilomita dubu tara, kusan awa goma sha biyu a sama. Yanzu haka can duhu ne. Ladaninsu ko alwala bai yi ba!"

Ba Madu ya ɗaga kai ya dubi rana. Tun yana matashi ya ji a gaban malaminsa cewa mafitar alfijir tana saɓawa daga ƙasa zuwa ƙasa, kowane gari da lokacinsa. Ya haddace mas'alar sarai, amma bai taɓa zaton za ta shigo gidansa ba.

"Astagfirullah," in ji shi. "Ashe alfijirin ma matafiyi ne."

Duk da haka bai saki wayar ba. Sai da inuwar katanga ta rage kamu uku sannan ta yi ƙara.

"Baba, mun sauka lafiya. Gari na shirin wayewa."

"Alhamdu lillahi. Kin yi sallar?"

"Yanzu zan yi."

"To maza, uwata, kada rana ta riske ki. Tun ɗazu ta wuce ta nan, tana hanya."

Ya ajiye wayar, ya share idonsa da hannun riga, ya tsamo hulunan daga ruwa.