Injin Kunnena na Dama

Shekarar da soja suka koma bariki ina da jina garau. A rediyon maigidana na saurari rantsar da sabon gwamna, har tafin jama'a na ji. Bayan haka na haifi ɗana na biyu, zazzaɓi mai zafi ya kwantar da ni, aka yi ta ɗirka mini allurai. Na tashi dai, amma sai na koma kamar wadda ta tura kai cikin randa. Mutane na motsa baki, ni ina gyaɗa kai.

Na ɗauka abin zai wuce. Wata rana da hantsi ina wanki a tsakar gidanmu na Ƙofar Kaura, na ba murhu baya, sai na ga maƙwabciyarmu ta faɗo gidan ko mayafi babu, ta wuce ni a guje. Na juya. Yaron nawa, wanda bai daɗe da fara rarrafe ba, ya tsoma hannu a toka mai zafi. Bakinsa a wangame, fuskarsa ta yi jajur. Ita ta jiyo ihunsa ta bayan katanga, ni da ke gefensa ban ji komai ba.

Daga ranar na daina sauke shi. Yini nake yi da shi a goye, don in ya yi kuka in ji jijjigarsa a gadon bayana. In ya yi shiru kuma sai in kai hannu in taɓa shi.

Maigidana malamin firamare ne. A wurin aiki ya ji labarin wani likitan kunne da ke zuwa daga Kano lokaci-lokaci, yana duba mutane da kwamfuta a wani asibiti mai zaman kansa. Surukata ba ta so ba. Ta kama kafaɗata, ta kai baki kunnena ta ce, "Waya da lantarki dab da ƙwaƙwalwa? Ku dai yi tunani." Ni ba wayar nake tsoro ba. Tsorona kada ya duba ya ce ba abin da za a iya yi.

Likitan ya ɗora mini abin sauraro a kunnuwa, ya nuna mini in ɗaga hannu duk sanda na ji ƙara. Na zauna hannuna a cinya. Ina ganinsa yana danna abu, ya dube ni, ya sake dannawa. Na san akwai ƙarar da ke wucewa ba na kama ta.

Da ya gama ya juyo mana da fuskar kwamfutar. Layi biyu ne, ja da shuɗi, kowanne ya gangara ƙasa. Maigidana ya sunkuyo ya ce da ƙarfi, "Ya ce na hagu ya yi nisa. Na dama akwai saura."

Kwamfutar ce ta tantance injinan ƙara ji da ya zo da su, ta nuna wanda zai dace da ni. Ɗan abu ne kamar tsamiya guda. Ya maƙala mini shi a bayan kunnen dama, ya jona siririyar waya daga jikinsa zuwa kwamfutar. Na rufe ido ina salati. Sai na ji fanka. Sai ƙarar kujera. Sai wata murya ta ce, "Malama, kina jina?"

Murnar ba ta kai ni bakin titi ba. Lokacin zaɓe ya sake matsowa, muka yi kiciɓis da ayarin 'yan siyasa, lasifika da ganguna da babura. Ƙarar ta soke ni har tsakar kai. Na fizge injin, na durƙusa a gefen kwata. Na ce wa maigidana, "Malam, wannan abin zai ƙarasa ni."

Ya lallashe ni muka koma. Likitan bai yi mamaki ba. Ya ce kwamfutar ƙiyasi take yi daga gwajin, sauran sai na gaya masa da bakina. Ya mayar da wayar, ya ce zai danne manyan ƙararraki.

Na riƙe hannun kujera na ce, "Likita, don Allah kada ka danne kukan yaro."

Ya ce in kwance goyon. Da ya miƙa hannu zai ɗauke shi, yaron ya ga baƙuwar fuska ya fashe da kuka. Likitan na jijjiga shi da hannu ɗaya, ɗayan yana kan kwamfuta, yana tambayata, "Haka fa? Yanzu fa?" har muka kai inda nake jin kukan sarai ba ya huda mini kai. Muryarsa ta yi kauri fiye da yadda na bar ta yana jariri.

Kunnen hagu bai dawo ba. Batirin injin kuwa ƙanƙane ne kamar ƙwayar wake, a lokacin ba a samunsa a Katsina sai an yi saƙo Kano. In ya kusa ƙarewa yakan yi wata 'yar ƙara a kunnena. Ko yau na ji ta, sai na ajiye abin da nake yi na leƙa ɗaki-ɗaki na ga inda kowa yake, sannan in zauna in canza.