Gwajin da na ce ba na so

A shekarun da aka fara shari'a a jiharmu aka cire mani idon hagu. Lokacin ina sayar da gero a kasuwar Jibiya, yawanci ga direbobin Maraɗi. Wani baƙin tabo ne ya fito cikin idon, gani ya yi ta raguwa, har aka tura ni babban asibiti, aka ce ciwon daji ne.

Yayana ya raka ni. Shi ne limamin unguwarmu, kuma tun muna yara ban iya musu da shi ba.

Bayan aiki likita ya zaunar da mu. Ya ce ana iya aika tsokar da aka cire zuwa ƙasar waje a duba ƙwayoyin halittarta. Ba magani ba ne, zai dai nuna ko dajin irin mai komawa hanta ne.

Nan take na ji ina so. Ɗiyana duk ƙanana ne, ina son in san ko in fara shiri.

Kafin in buɗe baki Yaya ya ce, "Likita, ina bambancin wannan da duba?"

"Malam, ba ranar mutuwa muke faɗa ba. Kamar ganin hadari ne. Amma mai idon ke da ta cewa."

Suka zuba mani ido. A watannin ake korar 'yan duba daga gari, ni ma ina cikin masu cewa gara haka. Na sunkuyar da kai na ce, "A bar shi. Na dogara ga Allah."

Da muka dawo Yaya ya sa labarin cikin wa'azi. Mutane suka riƙa zuwa rumfata suna yaba tawakkalina. Wani direba ya riƙe hannuna biyu, wai in sa mashi albarka. Na sa, amma na kasa kallon fuskarsa, don kullum sai na laluba ƙarƙashin haƙarƙarina ina neman kumburi.

Matata ce ta kama ni ina lalubawa.

"Baban yara, ka so a yi gwajin, ko?"

"Na so."

"To me ya hana ka faɗa?"

Ita ta matsa na koma asibitin ni kaɗai, likita ya ce ai lokacin aikawa ya wuce.

Dajin bai dawo ba. Yaya kuwa har ya rasu yana ba da misali da ni, ni kuma ina sahun baya, kaina a ƙasa.