Kawu Sallau da Dutsensa Mai Cin Ɓawon Ƙwai

Duk wanda ya taɓa cin dafaffen ƙwai a tashar Cadawa a waɗancan shekarun ya san ba ya ci shi kaɗai. Kana fasa ƙwan sai ka ji mutum tsaye a kanka da jakar fata a hammata. Ba ƙwan yake so ba, ko ka miƙa masa sai ya ce ya ƙoshi. Ɓawon yake jira. "Ɓare a hankali, ɗan'uwa, kak ka zubda mani shi cikin ƙasa." Wannan shi ne Kawu Sallau, wan mahaifiyata, wanda kuka fi sani da Alhaji Teku.

Ya daɗe a Jidda yana kula da akwatin gilashin kifi a gidan wani attajiri. Ran da ya dawo, gida ya cika, ga bido biyu, wato jarkokin ruwa, a tsakar gida. Maƙwabciyarmu Gwaggo Hure, wadda ba ta san jira ba, ta buɗe ɗaya, ta cika moɗa, ta yi bisimilla ta kurɓa. Sai muka ga fuskarta ta tattare.

"Alhaji, zamzam ɗin bana ya yi gishiri!"

Kawu ya zabura har hularsa ta faɗi. "Wayyo ni! Teku kinka sha, Hure! Ga zamzam can, ku shanye duka. Wanga ko ɗigo ban yahe ba!"

A gindin bidon akwai wani ɗan reshen dutse, launin ƙasa, tsawon yatsa. Ya ce murjani ne, kuma yana da rai, yana ci, yana girma. To mu murjanin da muka sani ja ne, a wuyan mata yake. Gari ya ɗauka: zafin Makka ya taɓa kan Sallau. Wanda ya fi kowa dariya shi ne amininsa Ɗan Jimma, mai sayar da duwatsun wuya. Abin ya yi wa Kawu ciwo ƙwarai, domin har manema 'ya'yansa mata sun fara ja da baya. Ya haɗa akwatin gilashi a zaure, ya huda rufin don rana ta shigo, ya binne gindin akwatin a cikin jiƙaƙƙen yashi don sanyi, sannan ya kira Ɗan Jimma gaban shaidu.

"Ɗauki zarenka na sana'a, ka ɗaure bakin reshen da hannunka. In ya wuce zaren, mi za ka ce?"

"In dutse ya wuce zare, Sallau, na bi kasuwa ina hwaɗin ni ne mahaukacin."

Daga nan muka shiga uku. Ɓawon ƙwan nan ƙona shi yake sai ya yi fari fat, ya jiƙa a ruwan sama, ya bari ya kwanta, ya tsiyaye garau ɗin sama yana ɗigawa a akwatin. Wai da shi murjani ke gina ƙashinsa. Sai kanwa, wadda ya ce ita ke hana ruwan yin tsami. Ni kuwa ƙosai da ɗanwake nake sayarwa, kanwata fara ce, zaɓaɓɓiya, kuma kullum sai ta yi ƙafa. Wata rana na kama Kawu da hannu a cikin gwangwanin kanwata.

"Kawu, ba ka jin tsoron Allah?"

"Ke, ɗanwakenki na da wanda zai ci shi ko ya yi tauri. Baƙona hwa, wa gare shi garin ga in ba ni ba?"

Wata Talata ya tafi Agiye tarar motar da ke kawo masa gishirin teku daga kudu. Matarsa Inna Rabi, baiwar Allah, ta ce bari ta taimaka. Ta juye ruwan ɓawon ƙwai da ruwan kanwa tare, lokaci guda. Akwati ya koma fari kamar an dama nono! Kawu ya dawo ya tsaya a bakin zaure, bai yi faɗa ba, sai ya zauna daɓas. A lokacin ne jam'iyyu suka fito, kowa da tutarsa, wa da ƙane ba sa cin tuwo kwano guda.

"Rabi," ya ce, "kin taɓa ganin an haɗa 'yan jam'iyya biyu rumhwa ɗaya an tashi lahiya? Ɗaya da sahe, ɗaya da marece! Dukansu ina so, amma kowa da lokacinai."

Ya yi ta sauya ruwa har murjanin ya farfaɗo. Inna Rabi ba ta sake taɓa akwatin ba, ko shara ta zo yi sai ta kewaye shi.

Ku da kuka shaida ranar famfo, ku gyara mani in na yi ƙari. Ba mu da kuran, wato wutar lantarki, da batir ɗin mota yake tada ɗan injin da ke hura iska a ruwan. Ana gab da zaɓe, tsakiyar bazara, batir ya mutu. Can sai ga 'yan jam'iyya sun zo neman ƙuri'a, bayansu kuma ga abokan hamayyarsu. Kawu ya fito da famfon keke da ɗan tiyo.

"Ni ba ni son sabulu, ba ni son atamhwa. Wanda ya hi daɗewa yana hura ma baƙona iska, shi ya san riƙon ƙasa."

Wallahi manyan mutane da rawuna suka tuɓe riguna! Waɗannan su hura, waɗancan su karɓa, gumi na zuba, ana yi wa juna habaici, har aka kawo sabon batir daga Maradi. Bayan zaɓe kowane ɓangare ya zo tambayar wa ya jefa wa. Ya ce, "Ashe ba ku ji rediyo ba? An ce ƙuri'a asiri ce."

Kaka ta wuce, wata daminar ta zo ta wuce. Ranar wata kasuwa ya sa babbar rigarsa ya aika a kira Ɗan Jimma da shaidun nan. Zaure ya cika har waje. Reshen ya wuce inda aka ɗaure da fiye da gaɓar yatsa, ya yi 'ya'ya biyu, zaren kuwa dutse ya haɗiye shi, sai ɗan bakinsa ke leƙowa. Ɗan Jimma ya sa hannu ya ja, ya ja, zare ya ƙi fita. Gwaggo Hure ta rangaɗa guɗa. Ɗan Jimma ya cire hula ya nufi ƙofa, zai tafi kasuwa cika alkawarin kiran kansa mahaukaci. Kawu ya riƙo rigarsa.

"Zamna, Jimma. Na san ɗanɗanon sunan nan, ba ni son ka ɗanɗana shi ko na yini guda."

A nan ne na ga hawaye a gemun Kawu, ni da ban taɓa ganin ya yi kuka ba ko a makoki. Na ji kunyar duk dariyar da muka yi masa, kuma na yi alfahari da shi har ƙirjina ya cika.

Allah Ka jiƙan Kawu Sallau. Ya tausaya wa halittarKa da ba ta da bakin roƙo, ya rufa asirin wanda ya yi masa dariya. Ka rufa nasa, Ka sanyaya makwancinsa, Ka haɗa mu da shi a inda ba a yi wa kowa gori. Amin.