Ranar da Noeleen Ta Sauya wa Tiren Nama Lokaci

Shekara talatin da ɗaya Noeleen Baric tana zama a bakin ƙofar zauren wasa na garinmu Wirrabool, kowace Asabar ta lokacin sanyi, da ɗan teburinta mai rawa da hatimin da take buga wa mutane a bayan hannu. Tawadar nan ba ta jin sabulu. Babu yaron da ya tashi a garin nan bai je makaranta ran Litinin da shuɗin tambarinta ba. An sha roƙonta ta sake wata, ta ce wanda ya biya kuɗin ƙofa ai ya kamata duniya ta sani.

Ita ma ta buga ƙwallon kwando a zamaninta. Gajeriya ce, amma dogaye sun sha gwiwar hannunta a haƙarƙari, har yau akwai matan da in sun hango ta a kanti sai su dafe gefen ciki suna dariya. Ita da ƙawayenta suka kafa ƙungiyar mata ta garin, ita ta ɗinka rigunan farko a kekenta, lamba bakwai ta fito a karkace, haka aka buga da ita har shekara uku. Da gwiwa ta ƙi, sai ta koma ƙofa. Mijinta ya rasu, ɗanta Dario ya girma ya zama mai gyaran famfo kuma kyaftin ɗin ƙungiyar maza, ita dai tana nan a teburinta da bargo a cinya.

Bayan ƙofa tana da aiki na biyu, wanda ya fi ba ta girma a gari: tiren nama. Kowane mako mahauci kan ba da shi kyauta, haƙarƙarin rago da tsokar saniya da kaji biyu. Noeleen ta sayar da tikiti, ta zuba a bokiti, a hutun rabin lokaci na wasan maza a zaro guda, mai lambar ya tafi da tire. Wanda aka kira lambarsa ba ya nan, ya yi asara, sai a zaro wata. Mutanen Wirrabool kuwa za su iya barin wa'azin coci a tsakiya, amma ban da tiren nama.

Mata kan buga ƙarfe biyar, maza ƙarfe bakwai. Ana biyan maza kowane wasa, har da kuɗin mai. Mata kuwa sai burodi da cuku a cikin leda da "sannunku da ƙoƙari". Abin ya daɗe yana ci wa Noeleen rai, amma tana haɗiyewa, har ranar da Sieni Fonoti ta tsaya a gaban teburinta da jaka a kafaɗa.

Sieni ce kyaftin ɗin mata. Doguwa ce, mai dariya kamar an kifar da kwanuka, kuma in ta tashi sama da ƙwallo sai ka ji tsofaffi suna kiran sunanta. A gidan kula da tsofaffi take aiki.

"Anti Noeleen, bana ce ta ƙarshe," ta ce.

"Ta ƙarshen me? Ke da Allah matsa, kin tare min haske."

"Da gaske nake. Aikin Asabar ya fi tsoka, ni kuwa kullum sai in bar shi in zo nan a ba ni burodi. Ga haya, ga mahaifiyata. In na tafi, Anti, uku za su bi ni, sun faɗa min."

Noeleen ta yi lissafi a ranta. In huɗu suka fita ba sauran ƙungiya, kuma ta san garin nan, abin da aka rufe ba a sake buɗe shi. Tsoro ne ya kama ta sosai, amma abin da ya fito bakinta shi ne, "Je ki ɗaure igiyar takalminki, kada ki faɗi ki ba ni kunya."

Ran Talata ta je taron kwamiti. Shugaban kulob, Graeme Tulloch, mai sayar da tarakta, mutumin kirki ne, sai dai in ya riƙe magana ko da ƙugiya ba a ƙwace ta.

"Noeleen, ba ƙin su nake yi ba," ya ce. "Amma wa ke cika zaure? Dubi kujerun nan lokacin wasan maza, ba masaka tsinke."

"Tun kafin biyar suke cika, Graeme. Ni ke buga musu hatimi. Kai sai bakwai saura kwata kake shigowa kana hura hanci."

"Wuri suke zuwa kamawa. Kowa na son kujerar gaba."

"Awa biyu a kan katako don kujerar gaba? Haba malam!"

Aka yi dariya, aka wuce zuwa maganar rufin da ke yoyo. Noeleen ta koma gida tana huci, ta kwana uku tana juya abin. Ran Juma'a tana wanke bokitin tikiti sai ta tsaya da soso a hannu. Ba wanda ya taɓa rubuta lokacin zaro tikiti a ko'ina. Ita ta sa shi a wasan maza tun fil azal, don a lokacin ne ƙofa ke sarara mata. Ashe da hannunta take ɗaure wa maza 'yan kallo shekara da shekaru!

Ba ta gaya wa kowa ba, har Dario, don ta san bakinsa ba ya riƙe ruwa.

Asabar ta zo da ruwan sama. Zaure ya cika kamar kullum. Matan suka yi wasa kamar za su tsaga katako, Sieni ta jefa ta ƙarshe daga nesa ana saura daƙiƙa biyu, ƙwallo ta yi rawa a bakin kwando ta faɗa. Kafin ihu ya lafa, sai ga Noeleen a tsakiyar fili tana ɗingishi, bokiti a hannu, ta karɓe abin magana daga mai sanarwa.

"Jama'a, yau tire da wuri zai tashi. Ku fito da tikitinku."

Wani tsohon manomi ya ci, ya rungume tire kamar jariri. Daga nan sai aka fara naɗe barguna. Graeme ya shigo daidai lokacinsa, ya tarar da mutane suna ta fita, ya manne da bango yana tambaya ko gobara aka yi. Mahaifiyarsa ma, tsohuwa mai shekara tamanin da huɗu, tana cikin masu fita da sandarta.

"Mama, ina za ki? Yanzu fa za a fara!"

"Na ga abin da na zo gani, ɗana. Ka zo min da madara in za ka wuce."

Noeleen ta yi zaton za ta yi ta murna. Ta yi, na minti biyar. Sai maza suka fito a guje, Dario a gaba, ya ɗaga kai ya ga kujeru. Mutum arba'in ba su cika ba, rabi kuma matansu ne da budurwoyinsu. Ya dubi uwarsa daga tsakiyar fili, ta ji kunya da tausayi sun rufe ta lokaci ɗaya. Ta ja kujerarta zuwa gaba, ta yi ta tafi ita kaɗai kamar mutum goma har muryarta ta dushe. Dario bai sake kallon wajenta ba. Ran Lahadi ma bai zo cin abincin rana ba, ta ci kabewa da naman rago ita da kyanwa.

A taron Talata Graeme ya fara da ita. Aka karɓe mata tire, aka ba wata. Ta ce ta ji, ta kuma cancanta. Sannan aka kawo maganar da ta kawo kowa: asusun 'yan wasa ɗaya ne, ba zai ƙaru ba, ko a raba shi biyu daidai tsakanin maza da mata, ko a bar shi yadda yake. Aka ɗaga hannu, huɗu da huɗu. Saura wakilin 'yan wasa, wato Dario, wanda ya zauna can ƙarshen tebur da kayan aikinsa, ya harɗe hannu tun da aka fara. In aka raba, rabin nasa ne zai tafi, ga matarsa da tsohon ciki.

"Dario, kai muke jira," in ji Graeme.

Dario ya gyara zama. Sannan ya ɗaga hannu, ba tare da ya dubi kowa ba.

"A raba," ya ce. "Na kalli wasansu ta ƙofar ɗakin sa kaya. Ni ma da ni ne, da na tafi gida bayansa."

A wajen ajiye motoci ta cim masa da ɗingishinta, ta riƙe hannun rigarsa.

"Mama, ban huce ba fa."

"Na sani."

"Da kin gaya min ai da na gayyato abokai, ko mutum goma ne."

"Shi ya sa ban gaya maka ba, sarkin surutu."

Ya yi ƙoƙarin ɗaure fuska, dariya ta ƙwace masa. Ita kuwa hawaye ne suka zubo mata, ta goge da gefen gyale, ta ce ya danna mata lambar Sieni don ba ta zo da tabarau ba.

Sieni na bakin aiki, tana zagayawa da shayin yamma. Noeleen ta faɗa mata a gajarce.

"Sieni? Kina ji na?"

"Ina ji, Anti," ta ce. "Riƙe wayar, kada ki kashe. Bari in je in goge sunana daga aikin Asabar kafin shugabarmu ta tashi."